Ku riƙa magana da juna mana, likitoci!

A yanke wa dattijo bututun abinci, a jawo tumbinsa sama cikin ƙirji a ɗinke, sannan ɗansa ya zama ɗan aike tsakanin likitoci? Abin da muke fama da shi ke nan tun da aka gano sankarar maƙoshi a jikin Baba, kuma wallahi tura ta kai bango.

Likitan fiɗa ya ce kada Baba ya sa komai a baki sai an ɗauki hoto an tabbatar ɗinkin ba ya yoyo. Da yamma sai ga nas da kofin ruwa, don babu wanda ya rubuta umarnin a fayil. Da ƙanwata ba ta tare ta ba fa? Yoyon ɗinkin nan da ciwon huhu su ne suka fi kayar da masu irin wannan aiki, kowane likita ya sani. Amma mai gashin ƙashi da zai koya wa Baba motsa numfashi, ya tashe shi ya taka, bai leƙo ba sai da zazzaɓi ya kama shi. Mai tsara abinci kuwa, Baba ya daɗe yana ramewa saboda haɗiya ta gagara, ba a kira ta ba sai bayan fiɗa, da aka ga bututun ciyarwa a hanjinsa babu wanda ya san me za a zuba.

Kada a ce mana haɗa kan likitoci a kan majinyaci ɗaya sabon abu ne. Tun 1995 rahoton Calman-Hine a Ingila ya nemi a bar maganin sankara a hannun tawagar ƙwararru. A 2012 binciken CROSS na Holand ya nuna cewa haɗa allurar sankara da gashin sankara da na'ura kafin fiɗa na ƙara wa masu irin ciwon Baba tsawon kwana, kuma hakan ba ya yiwuwa sai likitan sankara da na fiɗa sun tsayar da rana tare. Namu? Kowanne ni yake tambaya me ɗan'uwansa ya ce. Ni da ban taɓa shiga ajin likitanci ba!

Ranar sallama babu wanda ya gaya mana Baba zai riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ko ya kwanta kansa a sama don kada ruwan ciki ya taso masa. A bakin wani majinyaci muka ji.

Ba alfarma muke roƙo ba. Ku ba mu nas guda da ta san labarin Baba daga farko, da lambar da za mu kira cikin dare a ɗauka.