Akwatin Sarkin Guragu

(Shagon waldan Usta a Mai Wurno, kusa da Sennar a Sudan. Sarkin Guragu ya shigo kan kekensa. Yaron Usta na tsaye, kai a naɗe da bandeji.)

USTA: Ranka ya daɗe, ga aikinka. Babur da akwati a gefe, ka shiga da kekenka ba sai an ɗauke ka ba. A dama na liƙa shi, tunda a Sudan hannun dama ake bi, kada babbar mota ta goge ka.

SARKI: Wannan ka yi tunani. To wancan ƙarfen da ka jingina fa, tsanin hawa soro ne?

USTA: Gangarar hawanka ce.

SARKI: Usta, in tudu taƙi 1 ne, gangararsa taƙi 12 take. Haka magina ke yi wa keke.

USTA: (yana lissafi da alli a ƙasa) Daɓen akwatin taƙi 3 ne daga ƙasa... 36 ke nan! Ai sai dai ka faro hawan daga Sennar.

SARKI: To sauko da daɓen mana. Ka sa murfin baya ya riƙa buɗewa ƙasa, shi ne ƙofa, shi ne gangara. Da me za ka ɗaure keken?

USTA: Ba yana da birki ba?

SARKI: Birkin tsakar gida ne wannan, ba na titi ba. Maɗauri 4 nake so, biyu gaba, biyu baya, a jikin ƙarfen keken, ban da taya. Ni kuma bel ɗina daban.

USTA: Kai yaro, kwanto igiyar akuyar nan.

SARKI: Bar akuya da kayanta. Zo nan, ɗana. Me ya sami kanka?

YARO: Gwaji na fita, Baba. Na sha kwanar dama ba kowa a akwatin, na kwanta yadda na saba, babur ya ƙi kwanciya. Sai tayar akwatin ta tashi sama, ni kuma na farka cikin tumatirin wata Hajiya.

USTA: Rashin nauyi ne. In ba fasinja, buhun yashi ake sawa. Amma in kana ciki, ranka ya daɗe, ba ma bukatar...

SARKI: Ƙarasa mana. Ni ne buhun.

YARO: Kuma in na ba shi wuta ya ja dama, in na kama birki ya ja hagu.

USTA: Halinsa ne, duk mai akwati haka yake. Amma zan ɗan karkato hancin tayar akwatin zuwa ciki don ya miƙe a kan hanya.

SARKI: Kakanninmu sun taso daga Burmi a 1903 har suka iso nan, amma na ga alamar zuwana masallacin Juma'a zai fi tasu tafiya haɗari.

(Bayan la'asar. An sauko da daɓe, an sa maɗauri, an ɗaure Sarki tsaf. Yaro ya buga babur, ya nufi ƙofa. Ƙarau!)

USTA: Innalillahi! Akwatin ya fi ƙofar faɗi.

YARO: Ai a ciki muka haɗa shi, Usta.

SARKI: Tun kana yaron shago nake ce maka ƙofar nan ta yi ƙunci, kana cewa in karkace. To bisimilla, karkace. Ni dai a aiko mini da shayi.