Gidajen dutse na Alberobello: doka ta tsare bango, amma wa zai gyara rufin?

A kudancin Italiya, yankin Puglia, akwai wasu gidaje da manoma suka gina da dutse zalla, ba siminti ba laka, dutse kan dutse kawai. Ana ce musu trulli, guda ɗaya kuma trullo. Bango fari fat da farar ƙasa, rufi mai tsini kamar jinkar ɗaki, sai dai ita wannan jinkar ta dutse ce. A garin Alberobello kaɗai akwai sama da 1,500, kuma tun 1996 UNESCO ta saka su cikin wuraren tarihi na duniya.

Ni dai abin da ke burge ni da ginin nan shi ne dabarar talaka ce tsantsa. Gonakin wajen cike suke da farin dutse, kafin ka yi shuka sai ka tsince shi, to ina za ka kai tarin? Sai ya zama katangar gona, ya zama ɗakin kwana da na ajiyar amfani. Sau da yawa ma rijiyar tara ruwan sama ake fara haƙawa a ƙarƙashin inda gidan zai zauna, dutsen da aka fasa daga ramin shi ma ya shiga ginin. Bangon ninki biyu ne ana cika tsakiyarsa da ƙananan duwatsu, shi ya sa yake da kauri sosai, lokacin zafi ciki da sanyi. Rufin kuwa zobe-zobe ake jera shi, kowane layi ya ɗan shigo ciki fiye da na ƙasansa har su haɗe a can sama, babu azara babu ƙusa, sannan a lulluɓe shi ta waje da siraran duwatsu masu faɗi da suke kira chiancarelle, a ɗan karkace su yadda ruwa zai gangara ya koma rijiyar nan.

Mutanen garin suna ba da labarin cewa iyayen gidansu na da, masu sarautar Conversano na zuriyar Acquaviva, su suka hana gini mai ɗorewa, don in masu karɓar harajin sarkin Naples za su zo a rushe ɗakunan a ce ai babu gari a nan. A 1797 sarkin Naples Ferdinand na huɗu ya 'yantar da garin daga hannunsu, kuma a shekarar aka gina Casa d'Amore, gidan da ake cewa shi ne na farko da aka haɗa duwatsunsa da kwaɓi. Wato su kansu masu gidan da suka samu sarari gini na zamani suka nufa, kuma ban ga laifinsu ba, trullo ɗaki ne ƙarami mai duhu, tagoginsa 'yan mitsi-mitsi.

To nan maganata take. A cikin Alberobello, unguwar Rione Monti mai trulli kusan 1,030 gwamnati ta ayyana ta wurin tarihi tun 1910, Aia Piccola mai kusan 590 ta biyo baya a 1930. Doka ta yi aikinta kam, ba ka isa ka rushe ko ka sauya fasalin gida yadda ka ga dama ba. Amma Rione Monti yau galibinta shagunan tsaraba ne da gidajen abinci da masaukin 'yan yawon buɗe ido, Aia Piccola ce har yanzu ake samun masu zama da iyalinsu. A ganina ta biyun ce aka adana da gaske, domin mai kwana a ɗaki shi ke fara jin ɗigon ruwa, shi ke ganin dutsen da ya goce tun kafin ya janyo 'yan uwansa.

A karkara kuma, kwarin Itria, wajajen Locorotondo da Martina Franca da Cisternino, manoma da yawa sun bar nasu sun koma birni, baƙi daga Ingila da Jamus da arewacin Italiya suna saye suna mayarwa gidan hutu har da wurin ninkaya. Wasu na ƙorafin an sayar da gado. Ni ban cika jin zafin wannan ba, ɗakin da aka gyara aka sa masa famfo da wuta ya fi wanda itace ya tsiro a tsakiyarsa. Abin tsoron shi ne gyaran ganganci, ɗan kwangila ya zo ya malala siminti a kan rufin don a gama da wuri, alhali ginin dutse zalla yana buƙatar iska ta ratsa shi, siminti kuwa riƙe danshi yake ya tsage, bayan 'yan shekaru ɓarnar ta fi ta farko. Maginin da ya san yadda ake sauke rufin a mayar da kowane dutse mazauninsa, wanda suke kira trullaro, ba yawa gare su ba yanzu, kuma sana'a ce da sai ka yi shekaru kana miƙa wa maigida dutse kafin hannunka ya faɗa. A 2018 UNESCO ta amince da fasahar jera dutse ba kwaɓi a matsayin gadon ɗan Adam, da sunan ƙasashe 8 ciki har da Italiya da Girka da Faransa. Madalla, amma takardar yabo ba ta ciyar da ɗan koyo.

Mu ma fa muna da irin wannan. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa, wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin UNESCO a 1999, fadar Hidi, wato sarkin wurin, da hanyoyin hawa dutsen da katangun gonaki duk jeren dutse ne, kuma Boko Haram ta kai wa wurin hari a 2014. Masu iya sake jera waɗannan duwatsun mutanen kan dutsen ne, ba wani injiniya daga Abuja ba.

Da ni ke da ta cewa a Alberobello, wani kaso na kuɗin da baƙi ke kashewa zai tafi kai tsaye wajen biyan matasa masu koyon ginin, kuma duk iyalin da ya yarda ya zauna a trullo a sauƙaƙa masa takardar izinin sa banɗaki da bututun ruwa, da sharaɗin trullaro ne kaɗai zai taɓa rufin.