Tandar Masar Uwargida da Harsashin Kaboyi

Maƙwabcina a birnin Phoenix na jihar Arizona wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya, kuma duk ƙarshen mako sai ka gan shi ya fito da malafa da takalmi mai dogon wuya, yana loda akwatunan bindigogi a bayan mota. Da fari na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Ashe wasa ne mai dokoki, wanda ya samo asali a kudancin California a farkon shekarun 1980, ƙungiyarsu mai suna SASS kuma aka kafa ta a 1987. Kowa sai ya yi shigar kaboyin ƙarshen ƙarni na 19, ya zaɓi laƙabi, ya riƙe irin bindigogin zamanin, su Colt da Winchester samfurin 1873, a tafi fili ana harbin farantan ƙarfe ana duba agogo.

Wata rana muna hira ta kan katanga na ce masa ai mu ma mun san albarushi, kakana ma yana cikin 'yan bindigar da ke buɗe wuta a hawan sallah. Gaskiya ne kuwa, sai dai ban ƙara masa da cewa ni daga bayan zanin kakata nake jin ƙarar ba. Dattijo ya washe baki ya ce, "Ashe ɗan gado ne! Asabar ka same ni a gareji."

A garejin nan na gane cewa harbin 'yan mintoci ne kawai, sauran duk girki ne. Dokar wasan ta ce harsashi sai na darma zalla, ba mai rigar tagulla ba, don farantan suna kusa, ana so in ya daki ƙarfe ya baje. Shi kuma Dattijo yana cikin masu ra'ayin riƙau da ke harbi da baƙin albarushi mai hayaƙi, saboda haka da hannunsa yake zuba harsashinsa. Yana tara tsofaffin bututu da 'yan ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita taya, ya zauna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, don na yanzu da yawa ba darma ba ne, kuma ɗaya in ya narke a ciki ya ɓata tukunya guda. Darma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Celsius. A yaɗe dattin da ya taso da ludayi, sannan a zuba ta a kwanon gasa kek ta daskare curi-curi, a ajiye.

To, kwanon kek ɗin Dattijo ya lanƙwashe. Na ce ya ba ni minti biyu.

Uwargida ta tafi Houston sunan ƙanwarta. Tandar masarta ta ƙarfe kuwa tana rataye a kicin, wadda mahaifiyarta ta sayo a Kasuwar Kurmi, aka biya mata kuɗin ƙarin kaya a jirgi fiye da kuɗin sayenta. Na sauke ta, na wanke ta tas don kada Bature ya ce mu ƙazamai ne, na goge da tsumma, na kai. Dattijo ya juya yana neman safar hannu, ni kuma ɗan gado na ɗebo ludayi guda na tuttula.

Tau!

Ɗan danshin da ya maƙale a ramin tanda ya zama tururi nan take, ya watso darmar sama. Rufin gareji ya samu rabonsa, malafar Dattijo ta samu, ni kuwa ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan motarsa ina salati ba. Allah ya taimaka Dattijo ya sa mini tabarau tun da farko. Ya dubi rufi, ya dube ni, ya ce, "Ruwa." Sai ya ɗora tandar a wuta ta bushe ƙayau, muka sake. Masar darma ta fito zagaye sumul, har ya ɗaga ɗaya yana juyawa yana cewa tun da yake wannan harka bai taɓa ganin curi mai kyan wannan ba.

Zuba harsashin kansa sai haƙuri. In mazubin bai yi zafi ba, harsashi ya fito a yamutse kamar busasshen dabino. In ya yi zafi da yawa, ya fito fari-fari. Nawa dai kusan duka tukunya suka koma. Sannan ga mai da ake cusawa a tsagin harsashi, don baƙin albarushi yana barin toka a cikin bututun bindiga, kuma man inji ƙara daskarar da ita yake yi. Kakin zuma da kitsen dabba ake haɗawa. Kitsen Dattijo ya ƙare. Na ce ya ba ni minti biyu. Man shanun da aka aiko wa uwargida daga gida ke nan.

Ranar ɗura albarushi a kwanso kuwa, nesa da duk wata wuta, kujera ya nuna mini a bakin ƙofa. Ɗan gado ko ba ɗan gado ba, ya ce, wannan shi kaɗai yake aunawa.

Da muka je fili na ce a rubuta ni Sarkin Baka. Harbin farko hayaƙi ya turnuƙe, faranti ya ɓace, na ci gaba da harbin inda nake kyautata zaton yana nan. Duk kuskure ɗaya ana ƙara maka daƙiƙa biyar, kuma mutum uku ne ke tsaye a bayanka suna ƙirga da yatsu. Da hayaƙin ya washe na waiwaya, wata tsohuwa a cikinsu ta ajiye lemarta don ta samu hannu na biyu.

Wanka ya biyo baya, don tokar albarushi tana jan danshi, in ta kwana sai tsatsa. Ruwan zafi da sabulu, kwansuna kuma a jiƙa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne sak, saboda farar wutar da ke ciki. Nawa kason na jiƙa a kular uwargida. Da na zo ɗaukar tanda Dattijo ya riƙe hannuna. Ya ce abin da darma ta taɓa ya bar abinci har abada, guba ce, musamman ga yara. Ya sa guduma ya buga mata alama ya rataye a bangonsa.

Uwargida ta dawo, ta shinshina kicin, ta dube ni, na ce bututun ruwa ne. Maganar ta kwanta sai jajibirin sallah, bayan ta jiƙa shinkafa ta kuma yi wa matan unguwa alkawarin masa.

"Baban yara, ina tandata?"

Na ce, "Hajiya, zauna tukuna."

Ba ta zauna ba. Ta saurare ni har ƙarshe, da man shanu da kula da komai, ba ta ce uffan ba, ta yafa mayafi ta ƙetara gidan Dattijo. Ina leƙe ta taga ina jiran jiniyar 'yan sanda. Can sai ga ta da takarda a hannu, ta kira mahaifiyarta a waya.

"Umma, tandar nan ta Kurmi, guda bakwai nake so. Ɗaya tawa, shida na wasu tsofaffin kaboyi, sun biya rabi." Ta ɗan saurara, sannan ta miƙo mini wayar. "Karɓi. Kuɗin jirgin duka bakwai a kanka yake, kuma Umma tana son jin yadda aka yi da ta farkon daga bakinka."