Sati Shida Ina Jinyar Gawa a Bakin Taga

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. Tun ban kai shekara goma ba nake bin Baba gona a ƙauyenmu da ke wajen Funtuwa. Na san sassabe, na san huɗa, na san firi da maimai. Shi ya sa ranar da na ga wata 'yar bishiya a kasko, a wani shagon furanni a Landan, tsayinta bai kai kamu ɗaya ba, na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Mai shagon ta ce sunanta junifa, kuma irin wannan reno ana kiransa bonsai. Fam talatin. Na fara lissafa kuɗin da naira, na ji jiri na ɗibata, na bari na biya.

Ina shiga gida uwargida ta leƙa ledar.

"Abban Hanifa, wannan fa? Ana miya da shi?"

Na gyara tsayuwa na yi mata lacca. Na ce bonsai kalmar Japanawa ce, ma'anarta shuka a faranti, su ma wajen Sinawa suka koyo. Ba wani irin bishiya ba ne na wadanni, bishiya ce kamar kowace, da aski da rage saiwa ake hana ta girma. Na ƙara da cewa akwai wata da ake reno tun 1625, bam ɗin Hiroshima na 1945 ya tashi tana garin bai kashe ta ba, aka ba Amurka kyautarta a 1976, tana nan da ranta har gobe.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shekara ɗari huɗu ana ba ta ruwa, ba ta taɓa ba kowa inuwa ba?"

Ban tanka ba. Mai ilimi ba ya jayayya a bakin ƙofa.

Takardar da ke jikin kaskon ta ce a ajiye ta a waje. Watan Nuwamba fa ake ciki. Ni da na san yadda sanyin ƙasar nan yake ratsa riga uku ya je ya gaida ƙashi, na ce wanda ya rubuta takardar nan ba shi da imani. Na ɗora ta a bakin taga, daidai saman hita, wurin da ni kaina nake wa kwaɗayi. Ruwa kuwa na tsara mata shi da lokutan salla: duk na idar da alwala sai in juye mata ragowar buta. Sau biyar a rana, babu fashi.

Sai aka zo aski. Na kalli wani tsoho Bajapane a YouTube, ya zauna gaban bishiyarsa yana kallonta kamar mai jiran ta fara gaishe shi, bayan minti goma ya cire tsiro ɗaya tal. Na ce wannan bawan Allah ba shi da aikin yi. Na ɗauko almakashin ɗinkin uwargida. Na rage hagu, sai dama ta fi yawa. Na rage dama, sai hagu ta rinjaya. Duk wanda ya taɓa miƙa kansa ga ɗan koyon wanzanci ya san inda wannan hanya take ɓullewa. Kafin la'asar ganyen da ke kan tebur ya fi wanda ke kan bishiya, ita kuma ta koma kamar kazar da aka fara figa aka ɗauke wuta. Hankalina kwance, don a wajenmu kana sare darbejiya har kututture, damina ɗaya ta dawo tana maka dariya.

Saura tanƙwara rassa. Masu wannan reno, da wayar alminiyam mai laushi suke naɗe reshe, a karkace, su lanƙwasa a hankali. Ni na warware ƙarfen rataye riga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka Hausawa suka ce, amma ba su faɗi iya ina ba. Na ji ƙas. Babban reshen ne.

"Gyaran gangar Auzinawa," in ji uwargida daga kicin, ko juyowa ba ta yi ba.

Na ce mata da gangan ne. Japanawa suna ɓare reshe su bar shi busasshe fari, don bishiya ta yi kama da wadda ta sha wuya a kan dutse, suna kiransa jin. Wannan gaskiya ne. Da gangan ɗin ne kawai ƙarya.

Abin mamaki, ragowar ganyen ya tsaya kore shar. Sati ɗaya, sati uku, sati shida. Na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na dangi. Baba ya sa ƙanena ya naɗo muryarsa: "An ce ka sayi itace a kwano. To, gonar bayan rafi tana nan babu mai noma ta, in ka gama da kwanon."

Ran nan maƙwabcinmu ya shigo karɓar saƙon da aka ajiye masa a wurinmu, wani dattijon Bature da ya yi rayuwarsa yana aikin lambu. Na ja shi bakin taga don ya ga aikin ɗan gado. Ya dubi bishiyar, ya dubi hita, ya dube ni. Ya sa farce ya kankare ɓawon kaɗan. Ciki busasshe, ruwan ƙasa. Ya ce da tana da rai kore za a gani, da danshi. Ya shafa ganyen, ya zubo kamar ƙaiƙayi. Ya ɗaga ta daga kaskon, wani wari ya tashi irin na kwatami, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe.

Sannan ya faɗi maganar da ta gama da ni. Wai junifa tana riƙe korenta makonni bayan ta mutu. A ganinsa wannan ta daɗe da tafiya.

Ashe gawa nake wa alwala sau biyar a rana. Gawa na ɗauka hoto na tura wa dangi, har gwaggona ta sa albarka.

Ya yi mini bayani a tsanake, kamar likita gaban dangin mamaci. Junifa 'yar waje ce, tana son rana da iska, sanyin hunturu kuma hutunta ne, hita kuwa gasa ta take yi. Ruwa sai an tsoma yatsa ko tsinke an ji saman ƙasar ya fara bushewa. Aski kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, don ƙarfinta a ganye yake, reshen da aka tsiraita kuma da wuya ya sake tofo. Wato cikin abubuwa uku da ke kashe ta, ni ban bar ko ɗaya ba, har ba a san wanda ya riga ba.

Uwargida ta jingina da bango tana share hawayen dariya. "Sannu da rashi, Abban Hanifa. A nan za a karɓi gaisuwa ko sai mun je gida?"

Kaskon yanzu na'ana'a ce a ciki, tana ta bunƙasa, ana shayi da ita kullum, ana kuma tuna mini.

Na sayi ta biyu. Tana baranda, a waje, kamar yadda takarda ta ce. Almakashi yana cikin akwatin uwargida, mabuɗin yana wurin da ban sani ba. Daren jiya sanyi ya sauko har gilashin motoci ya yi fari. Wajen ƙarfe biyu na lallaɓa na tashi, na ɗauki tsohon bargon Hanifa, na kama hannun ƙofar baranda a hankali.

Daga cikin duhu na ji murya: "Abban Hanifa, ajiye bargon nan."