Yadda ake raba 'yan wasa a nan, da yadda muke yi a Yamai

A garin da nake zaune a Amurka akwai gasar wani wasa da ake kira Ultimate, wanda 'yan sakandare suka ƙirƙiro a jihar New Jersey a 1968. Faifan roba ake jifa, mutum bakwai-bakwai, ba a gudu da shi a hannu, kuma ba alƙalin wasa: wanda aka yi wa ƙeta shi ke faɗa. Ni dai rabon 'yan wasan ne ya tsaya mini a rai.

Ba ka zuwa da ƙungiyarka. Kai kaɗai za ka yi rajista ta intanet, ka ba kanka maki a kan jifa da gudu da daɗewa a wasan. Sai kyaftin-kyaftin su keɓe da sunayen, suna ɗauka bi da bi. Wanda ya fara zaɓe a zagayen farko shi ne na ƙarshe a na biyu, don kada gwanaye su taru wuri guda. An yarda ka nemi a haɗa ka da mutum ɗaya, matarka ko mai ɗauko ka a mota. Kana gida saƙo zai iso: ga ƙungiyarka, ga launin rigarka. Ba mai gaya maka na nawa aka ɗauke ka.

A filayen ƙwallon unguwar Bukoki ko Talaje a Yamai kuwa, manya biyu ne ke tsayawa, yara sun yi layi, ana nuna su da yatsa. "Kai, zo nan." Layi na raguwa, har a bar ƙaramin nan yana tonon ƙasa da babban yatsa, a ce masa ya je gola. Mai ƙwallo kuma ko bai iya ba yana ciki. Na san yaran da wannan kunyar ta raba da fili har abada, kuma abin yana ci mini rai.

Gaskiya ƙungiyar unguwa tana da abin da na nan ba su da shi. Kun tashi tare, fadarku ɗaya, in kun ci unguwa duka ta ci. A nan kakar wasa na ƙarewa kowa ya watse. Ba da maki ma da wuya ya yi aiki a wurinmu, don mai kunya zai rage wa kansa, mai cika baki ya ƙara.

Amma gasar yara ta dogon hutu fa? Masu shirya ta su rubuta sunayen yaran unguwanni uku ko huɗu, masu horarwa su ba da makin, su yi zaɓen a zaure ba a gaban yaran ba. Takarda da biro kawai ake bukata.