Yamato da mutum dubu uku da aka tura mutuwa da gangan

Duk lokacin da na ga ana yaɗa hoton jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Yamato ana kiran tafiyarsa ta ƙarshe jarumta, sai raina ya ɓaci. Samarin da ke ciki jarumai ne, ban musa ba. Manyan da suka tura su kuwa girman kai ne ya ja su, domin sun san babu dawowa.

Tsawon Yamato mita 263 ne, yana ɗauke da manyan igwa tara masu faɗin baki santimita 46, waɗanda harsashinsu ke kai wa kilomita 42. An miƙa shi ga rundunar ruwa ranar 16 ga Disamba 1941. Ku lura da wannan rana. Kwana shida kafin nan, jiragen saman Japan ɗin da kansu suka nutsar da jiragen ruwan yaƙi Prince of Wales da Repulse na Birtaniya a gaɓar Malaya. Su ne suka nuna wa duniya cewa ƙaton jirgin ruwan da ba shi da kariya daga sama nama ne kawai. Sannan a watan Oktoba 1944 Musashi, jirgi ɗan uwan Yamato, ya nutse a hannun jiragen saman Amurka. Wane darasi kuma ake jira?

Amurka ta sauke dakarunta a tsibirin Okinawa na Japan ranar 1 ga Afrilu 1945. Sai aka tsara cewa Yamato ya kutsa can, ya kafe kansa a tudu, ya zama sansanin igwa har a hallaka shi. Adimiral Ito, wanda aka ɗora wa jagorancin, ya nuna ƙin amincewa tun farko, sai da aka turo masa babban jami'i daga hedikwata kafin ya sunkuyar da kai. Suka tashi ranar 6 ga wata, da rakiyar wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Yahagi da ƙananan jirage takwas, kusan babu jirgin sama mai tsaronsu.

Jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka sun hango su tun a daren. Washegari Adimiral Mitscher na Amurka ya saki jiragen sama kusan 400 daga jiragen ruwa masu dakonsu. Matuƙan sun koyi darasi daga Musashi, sai suka tattara mafi yawan makamansu na torfido, masu tafiya a cikin ruwa su fasa jirgi, a ɓangaren hagu don jirgin ya karkata ya kife. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, don a daidaita jirgin, aka buɗe wa ruwa ɗakunan inji na dama, alhali ɗaruruwan ma'aikata suna ciki. Cikin kimanin awa biyu aka gama. Ma'ajiyar harsasai ta fashe, har daga tsibirin Kyushu na kudancin Japan an hango hayaƙin.

Fiye da mutum 3,000 ne suka mutu a Yamato kaɗai. Yahagi da ƙananan jirage huɗu su ma suka nutse. Amurka ta rasa jiragen sama 10 da mutum 12. Yamato da 'yan rakiyarsa ko kusa da Okinawa ba su kai ba.

Idan akwai wanda zan yaba cikin manyan, Ito ne, domin kafin ya nutse da jirgin ya soke aikin, ya umarci sauran jirage su ceto waɗanda ke cikin ruwa su koma gida. Adimiral Toyoda da ya ba da umarnin tafiyar kuwa ya rayu har 1957.