Jirgin da ba ya ɗaukar buhu, na wa ne?

Tun da aka fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, samarinmu na Jigawa ba su da hira sai ta jirgi. Kowa na lissafin awa nawa zai kai shi Katsina, wasu har sun fara tunanin hoton da za su ɗauka a tarago mai sanyi. Ni ma ina murna, wallahi. Amma tambayar da ba na jin ana yi ita ce: jirgin nan zai ɗauki buhun riɗi, ko kuwa mutum kawai?

A duba Zariya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi a 1912, amma Zariya ce ta zama mararraba. Daga can aka ja wani ɗan siririn layi zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Daga can ne kuma layin Funtuwa da Gusau ya fita, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Garin Zariya a gefen tasha ya girma, da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu. Namu layin, na Kano zuwa Nguru, a 1930 aka gama shi, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa.

Kada wani ya ce ina yabon Turawa. Ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa ƙarfen nan ba, gyaɗa da auduga da fata suke so su isa Ikko a zuba a jirgin ruwa. Sai dai sun san abu guda: mararraba ba ta cika da kanta, ƙananan tashoshin ƙauye ne ke ciyar da ita. Tarago ya cika a Birniwa ko Ringim, shi ne zai sa a ji motsi a Kano da Zariya. Dubi Malam Madori. Layi bai shiga Haɗeja ba, sai ya zama duk kayan ƙasar Haɗeja nan ake kawo su, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci. Sikeli ya zo, sito ya zo, 'yan dako da masu tuwo suka biyo baya, gari ya tashi.

Af, har dalar gyaɗan nan da muke alfahari da ita, wadda ake haɗawa da sunan Alhassan Ɗantata, akwai shekarun da tsayinta ba albarkar noma kaɗai yake nunawa ba. Jirgi ne ya kasa kwashe buhunan a kan lokaci, suka yi ta taruwa a Kano. Ko a wancan zamanin, tarago ya fi gyaɗa wuyar samu.

Yadda abin ya lalace kowa ya sani. Farin 1973, cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, arzikin man fetur da ƙasar ta samu, sannan tirela da kwalta.

Tashar garinmu tana nan. Rufin kwanon sito ya yaye ta gefe ɗaya, awaki na kwana a inuwarsa, mata na shanya barkono a kan dandamalin siminti saboda ya fi ko'ina tsabta. Wani dattijo da ya yi dako a wurin yana yawan zama kan tsohon ƙarfen sikeli. Na ce masa, "Baba, an ce sabon jirgi na zuwa." Ya ce, "Yaro, zai tsaya a nan?" Ban da amsar da zan ba shi.

Ga inda maganar take. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A Yulin shekarar aka ƙaddamar da na Kano zuwa Kaduna. Idan Allah Ya sa aka gama, Kano ce za ta zama babbar mararrabar Arewa. To amma sabon layin ya fi tsohon faɗi, taragonsa ba zai hau layin Nguru ba. Ke nan riɗin Gagarawa, zoɓon da ake tarawa a Maigatari, shinkafa da kifin Haɗeja, duk a tirela za su ci gaba da tafiya, ana biyan kuɗin gas da na shingayen hanya, kuma manomi ne ke biya, don daga farashin buhunsa ake cirewa.

Wasu za su ce in bari a gama tukuna. A'a. Wurin loda kaya da sito da hanyar da mota za ta shiga tasha, tun ana zanen aiki ake sa su. In an gama gini babu su, sai dai a jira wani kasafin, kuma mun san yadda jiran kasafi yake a ƙasar nan.

Don haka 'yan majalisarmu na Ringim da Haɗeja da Gumel, ku taimaka ku tambayo mana a Abuja: a tashoshin Kazaure da Dutse, ina aka ware wa kayan gona? Kuma layin Nguru, gyara shi za a yi a haɗa shi da sabon, ko kuwa an yafe shi ne?